Wasannin talbijin na masu samun ishara daga gaibu

Wannan rukuni ne na wasannin kwaikwayo masu dogon zango, akasarinsu na Amurka, inda wani mutum ke samun saƙo ta mafarki, ko gane-gane, ko wata murya da shi kaɗai ke jin ta, saƙon kuma ya tura shi ya taimaki wani. Rukunin ba shi da tsayayyen suna. Kamannin labaransu ne ya sa masu sharhi ke jera su wuri guda.

Tarihi

Ana yawan kai tushensa ga wasannin mala'iku irin su Highway to Heaven (1984 zuwa 1989) da Touched by an Angel (1994 zuwa 2003). A cikinsu, wanda ya kawo saƙon shi ne jarumin. Early Edition, wanda tashar CBS ta nuna daga 1996 zuwa 2000, shi ya juya al'amarin: Gary Hobson, mazaunin Chicago, kullum da safe sai ya tarar da jaridar gobe a bakin ƙofarsa tare da wata kyanwa, ya wuni yana fafutukar tare masifun da ya karanta a ciki.

Tsakanin 2003 da 2005 ne abin ya yi tashe. A Joan of Arcadia, wanda Barbara Hall ta ƙirƙira, wata 'yar sakandare mai suna Joan ce ke haɗuwa da mutane iri-iri, kowanne yana ce mata Ubangiji ne ke magana. A Tru Calling, ma'aikaciyar ɗakin ajiye gawa ce matattu ke roƙo, sai ranar ta maimaita kanta don ta ceci ran mamacin. Wonderfalls (2004) na Bryan Fuller da Todd Holland ya bi Jaye Tyler, mai sayar da kayan tsaraba a Niagara, wadda 'yan gumakan dabbobi na shagon ke ba umarni. Kashi 13 aka shirya, amma tashar Fox ta dakatar da shi bayan ta nuna 4 kacal, abin takaici ga wasan da ya fi sauran ƙarfin hali. Medium da Ghost Whisperer sun fara a 2005, Eli Stone kuma a 2008.

Inda suka yi kama

Jarumin ba malami ba ne, ba kuma mai neman abin ba. Yawanci ma gudunsa yake yi. Saƙon kan zo a dunƙule, wani lokaci kamar shirme. An umarci Joan ta nemi aiki, wata rana kuma ta koyi wasan dara na Turawa, sai daga baya ake ganin wanda hakan ya amfana.

Kamannin da ya fi nauyi shi ne shakka. Marubutan kan bar ƙofa a buɗe ko dai rashin lafiya ce. Eli Stone lauya ne mai kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. A ƙarshen zango na farko na Joan of Arcadia, likitoci sun gano Joan tana da cutar Lyme, wadda ake samu daga cizon kaska, har ita kanta ta fara kokwanton abin da take gani. Jaye kuwa iyayenta wurin likitan tunani suka tura ta. Wannan ya yi daidai da labarin Jeanne d'Arc, 'yar Faransa da ta ce tana jin muryoyi aka ƙone ta a Rouen a 1431, wadda aka aro sunanta wa Joan.

Ba kasafai ake jingina saƙon ga wata ɗarika ba.

Saɓani

An gina Medium kan iƙirarin wata mata, Allison DuBois, cewa tana taimaka wa masu binciken laifi da baiwarta. Masu shakka sun musanta hakan.

Daga baya

A God Friended Me (2018 zuwa 2020), saƙon ta Facebook yake zuwa wa wani matashi da bai yarda da samuwar Allah ba.