Yaro ya yi laifi: tambayoyin da iyaye ke ta maimaita mini kan sulhu

Sulhu ba sakin mai laifi ba ne?

A'a. Yaron zai zauna gaban wanda ya cuta, ya amsa laifinsa da bakinsa, a biya abin da ya ɓata. Wanda ya taɓa ganin ɗan shekara 15 ya sunkuyar da kai gaban matar da ya ƙwace wa waya ba zai sake kiran wannan saki ba.

Doka ta san da shi?

Ta sani. Sashe na 209 na Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003 ya ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙaramar magana ta hanyar sasanci da biyan diyya, ba sai an je kotu ba. Kisa da fyaɗe da fashi da makami ba sa ciki. Don Allah a daina kawo mini su.

Me ya sa sai iyaye sun zo?

To gidan wa zai koma? A Niyu Zilan, tun 1989 doka ta kafa taron dangi, bayan 'yan ƙabilar Maori sun koka cewa hukuma na raba su da 'ya'yansu. A taron, jami'ai kan fita su bar dangi su kaɗai su tsara yadda za a gyara ɓarnar. Mu da muke da zaure da mai unguwa, mu ne za a roƙa mu zo?

Uban ya ce ya sallama shi. Yaya za a yi?

Nan kam babu amsa guda. Sau da yawa "na sallama shi" kunya ce take magana, musamman in an yi kamen a idon maƙwabta. Irin wannan uban a ba shi kwana biyu, a tura masa wanda yake jin nauyinsa, wansa ko limamin unguwa, ba uwar yaron ba, don kada faɗan ya koma kanta. Wani kuwa da gaske yake. To a nemi kawu, ko kaka, ko goggo, duk wanda yaron yake jin maganarsa kuma zai iya tsaya masa.

Amma a lura, wani lokaci gidan ne ciwon. In yaro yana hawa rawar jiki da zarar ya ga ubansa, ko akwai shatin bulala a bayansa, ban yarda a haɗa su ɗaki ɗaya ba sai an ji ta bakinsa shi kaɗai. In kuma a gida aka yi satar, uban ba zai zama mai ƙara kuma mai tsaya wa yaro ba. Ke kuma uwar yaro, ki kwantar da hankalinki, rashin zuwan mijinki bai rufe ƙofar ba.

Wanda aka cuta ya ƙi zama fa?

Haƙƙinsa ne. Ba a tilasta yafiya.

Ba gara a kai shi gidan horon yara na Kakuri da ke Kaduna ba?

Kotu ce ke turawa, ba fushin uba ba. Kuma ranar da ya fito, ƙofarku zai ƙwanƙwasa.