Dakatar da Twitter a Najeriya: da wace doka aka yi?

Me ya jawo rigimar?

A farkon watan Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya wallafa saƙo a Twitter yana jan kunnen masu ƙona kadarorin gwamnati a kudu maso gabas, har ya tuna musu da yaƙin basasa. Kamfanin ya goge saƙon, ya ce ya saɓa ƙa'idarsa. Ranar 4 ga Yuni, Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da shafin sai baba ta gani. Abin dariyar shi ne, a Twitter ɗin ma'aikatarsa ta sa sanarwar.

Don saƙo ɗaya kawai?

Gwamnati ta ce a'a, wai ana amfani da shafin wajen yi wa haɗin kan ƙasa zagon ƙasa. Amma dama akwai jiƙaƙƙiya. A can matasa suka haɗa kai lokacin zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, ta neman a rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, shugaban kamfanin na lokacin, Jack Dorsey, kuma ya mara musu baya a fili.

To wace doka ta ba gwamnati wannan iko?

Nan gizo ke saƙar. Babu dokar da majalisa ta yi, babu umarnin kotu. Hukumar sadarwa ta NCC ce ta umarci kamfanonin waya su toshe shafin, suka toshe. Hukumar NBC mai kula da kafafen yaɗa labarai ta ce gidajen rediyo da talabijin su daina amfani da shi. Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ce a gurfanar da duk wanda ya ƙi ji, lauyoyi suka ce a nuna musu sashen da ya mai da hakan laifi, tunda sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa. Jama'a kuwa suka sauke VPN, manhajar da ke zagaye toshewar, suka ci gaba da harkarsu.

A Yulin 2022 kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP da wasu suka shigar, ta ce dakatarwar haramtacciya ce.

Yaya aka ƙare?

An buɗe shafin ranar 13 ga Janairun 2022, bayan wata bakwai. Gwamnati ta ce kamfanin ya yarda zai yi rajista a Najeriya, ya naɗa wakili, ya kuma biya haraji. Masu sayar da atamfa da turare ta shafin, da suka yi wata bakwai ciniki na tafiyar hawainiya, babu wanda ya zauna da su a teburin sulhun.