Taƙaddamar kalaman Bob McNair kan "fursunoni" (2017)

Taƙaddamar kalaman Bob McNair ce-ce-ku-ce ne da ya ɓarke a Amurka a ƙarshen watan Oktoban 2017, bayan da aka ruwaito attajirin da ya mallaki kulob ɗin Houston Texans yana cewa, a wani taron sirri na masu kulob-kulob, ba zai yiwu a bar fursunoni su riƙa tafiyar da gidan yari ba. Kulob ɗin yana buga gasar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, wasan da ya fi kama da zari-ruga. 'Yan wasa da dama sun ɗauki maganar a matsayin cin mutunci mai nasaba da launin fata. Shi kuwa McNair ya ce salon magana ne kawai na Turanci, kuma ma ba da 'yan wasa yake ba.

Yadda abin ya faro

A watan Agustan 2016, Colin Kaepernick na kulob ɗin San Francisco 49ers ya daina miƙewa idan ana rera taken ƙasa kafin a fara wasa, don nuna adawa da kisan da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙen fata. Da farko zama yake yi a benci. Wani tsohon soja mai suna Nate Boyer ne ya ba shi shawarar ya riƙa durƙusawa da gwiwa ɗaya, domin hakan ya fi nuna girmamawa. Bahaushe zai iya mamakin yadda durƙuso ya zama laifi, tun da a wurinmu alamar ladabi ce. A can kuwa al'ada ita ce a miƙe tsaye wa tuta, kuma masu suka sun ɗauki duk abin da ya saɓa wa hakan a matsayin raini ga ƙasa da sojojinta.

Shugaba Donald Trump ne ya ƙara rura wutar. Ranar 22 ga Satumban 2017, a wani gangami a Huntsville da ke jihar Alabama, ya zagi masu durƙuson, ya kuma nemi masu kulob su kore su. A ƙarshen makon nan, 'yan wasa fiye da 200 suka durƙusa ko suka zauna. Hankalin masu kulob ya tashi, don suna tsoron 'yan kallo da kamfanonin talla za su juya musu baya. Wannan batu ne ya mamaye taron da aka yi a birnin New York a ranakun 17 da 18 ga Oktoba: rana ta farko an zauna da wakilan 'yan wasa, ta biyu kuma masu kulob da jami'an hukumar gasar suka keɓe.

A zama na biyun ne McNair ya yi maganar. Ba a ji ta a waje ba sai ranar 27 ga Oktoba, da 'yan jarida biyu na kafar labaran wasanni ta ESPN, Seth Wickersham da Don Van Natta Jr., suka wallafa rahoton abin da ya gudana. A cewar rahoton, Troy Vincent, tsohon ɗan wasa baƙar fata da ke riƙe da babban muƙami a hukumar, ya mayar da martani nan take. Ya ce a shekarun da ya yi yana wasa babu irin zagin da bai sha ba, har da mummunar kalmar nan da ake jifan baƙar fata da ita, amma bai taɓa jin kansa a matsayin ɗan fursuna ba. Daga baya McNair ya ja shi gefe ya ba shi haƙuri.

Asalin karin maganar

Abin da Turawa suka saba faɗa shi ne "mahaukata sun karɓe ragamar gidan mahaukata", idan na ƙasa suka fi ƙarfin na sama a wata ma'aikata. Ana yawan jingina ta ga Richard Rowland, shugaban wani kamfanin fina-finai, wanda aka ce ya furta ta a 1919 lokacin da Charlie Chaplin, Mary Pickford, Douglas Fairbanks da D. W. Griffith suka kafa kamfaninsu na United Artists don su daina yi wa wasu aiki. Ke nan tun fil azal maganar ta maigida ce da ke ƙorafi kan ma'aikatan da suka yi suna har suka fara jin ƙarfinsu. Kalmar Turancin da McNair ya yi amfani da ita tana nufin duk wanda aka killace, ko a asibitin masu taɓin hankali ko a kurkuku. Shi sai ya cire asibitin ya sa gidan yari, kuma wannan sauyin ne ya zama tushen rigimar.

Martanin 'yan wasa

Ranar da labarin ya fita Juma'a ce, ranar atisaye. DeAndre Hopkins, ɗaya daga cikin taurarin kulob ɗin, bai halarci atisayen ba, wasu kuma sai da masu horarwa suka lallashe su kafin suka tsaya. Duane Brown, wanda ya daɗe a kulob ɗin, ya shaida wa 'yan jarida cewa maganar rashin mutunci ce da jahilci. Richard Sherman na Seattle Seahawks ya rubuta a Twitter cewa kada McNair ya nemi gafara, domin abin da ke ransa ya faɗa. Draymond Green na ƙwallon kwando ya kwatanta shi da Donald Sterling, tsohon mai wani kulob ɗin ƙwallon kwando da aka kora saboda kalaman wariyar launin fata.

McNair ya fitar da sanarwa har biyu. A ta farko ya ce ya yi nadama, salon magana ne da bai yi nufin a ɗauke shi a zahiri ba. Washegari ya gana da 'yan wasan, sannan ya ce abin da yake nufi shi ne dangantakar ofishin hukumar gasar da masu kulob, wato jami'an ofishin suna yanke manyan hukunce-hukunce ba tare da tuntuɓar masu dukiyar ba. Ranar Lahadi 29 ga Oktoba, a filin wasan Seattle, da aka fara rera taken ƙasa, 'yan wasan Texans suka jeru a gefen fili suka sa gwiwa a ƙasa, da yawansu sun sarƙe hannu da juna, in ban da kimanin goma da suka tsaya. Sun sha kashi da ci 41 da 38. Cikin kwana biyu aka sayar da Brown ga Seattle ɗin, kodayake dama akwai tsohuwar takun-saƙa tsakaninsa da kulob ɗin kan kwantiragi.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu kare McNair sun tsaya kan abu biyu. Na ɗaya, karin magana ce da ake ji kullum a ofisoshi, kuma babu inda ya ambaci launin kowa. Na biyu, bayaninsa game da ofishin hukuma ba shaci-faɗi ba ne gaba ɗaya, domin a lokacin akwai ƙorafi na gaske tsakanin wasu masu kulob, musamman Jerry Jones na Dallas Cowboys, da kwamishinan gasar Roger Goodell. Sun kuma yi nuni da ɗimbin kuɗin da McNair ya bayar sadaka a Houston.

Hujjar ɗaya ɓangaren ta fi tsawo, kuma ta fi nauyi. A lokacin, kimanin kashi 70 cikin 100 na 'yan wasan NFL baƙaƙen fata ne, alhali a cikin kulob 32 babu ko ɗaya da baƙar fata ke da rinjayen hannun jari a cikinsa. Baƙaƙen fata ba su wuce kashi 13 cikin 100 na al'ummar Amurka ba, amma a lokacin su ne kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗanda ke zaman wa'adi a gidajen yari. Zanga-zangar ita kanta a kan 'yan sanda da shari'a take. To, a ce a taron da ake duba wannan koke ne wani farar fata mai kulob, wanda ya ba da gudummawar dala miliyan ɗaya ga bikin rantsar da Trump, zai siffanta wasu da fursunoni, ba abin mamaki ba ne maganar ta sauka inda ta sauka.

Akwai kuma tarihi. Gyaran kundin tsarin mulki na 13, na shekarar 1865, ya haramta bauta amma ya bar ƙofa ɗaya: sai dai in hukunci ne ga mai laifi. Ta wannan ƙofar ce jihohin kudu, har da Texas, suka riƙa kama baƙaƙen fata kan ƙananan laifuka suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai. A 2018, 'yan watanni bayan rigimar, ma'aikatan da ke haƙa harsashin ginin makaranta a Sugar Land, a bakin birnin Houston na jihar Texas, suka ci karo da kaburbura 95 da aka yi imanin na irin waɗannan fursunoni ne da aka yi hayarsu a gonakin rake. Ga wanda kakanninsa suka bi ta wannan hanya, bauta da kurkuku labari ɗaya ne.

Abin da ke zuciyar McNair a wannan rana Allah ne masani, kuma adalci ne a yarda cewa dattijo mai shekara 80 zai iya kuskuren karin magana ba da gangan ba. Amma ko an karɓi bayaninsa, maganar tana raba mutane gida biyu ne: masu riƙe da makulli da waɗanda aka kulle. McNair kuwa ya sanya kansa a sahun farko. Kuma wanda ya fara jin zafinta a ɗakin, Troy Vincent, jami'in ofishin hukumar ne kuma baƙar fata, don haka fassarar "da ofis nake" ba ta fitar da shi daga cikin waɗanda aka jefa ba. Magana zarar bunu ce, kuma nauyin sanin inda za ta faɗa yana wuyan mai ita, balle mai iko da abincin masu sauraro.

Abin da ya biyo baya

Hukumar NFL ba ta hukunta McNair ba. Wannan ya bambanta da shari'ar Sterling ta 2014, wanda aka naɗi muryarsa yana kalaman wariya ƙarara, hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta haramta masa shiga harkar har abada, ta ci shi tarar dala miliyan 2.5, aka kuma sayar da kulob ɗinsa na Los Angeles Clippers. Bambancin shi ne maganar McNair tana ɗaukar fassara biyu, ta Sterling kuwa ba ta da mafaka.

A watan Afrilun 2018 McNair ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa babban abin da ya yi nadama a kai shi ne neman gafarar da ya yi, domin a ganinsa bai yi laifi ba. Wannan ya ƙara wa masu shakkar tubansa na farko ƙarfin gwiwa. A watan Mayu masu kulob suka amince da dokar tilasta miƙewa ga duk wanda ke fili, amma aka jingine ta a watan Yuli bayan ƙungiyar 'yan wasa ta ƙalubalance ta. McNair ya rasu ranar 23 ga Nuwamban 2018 yana da shekara 81, ragamar kulob ɗin ta koma hannun iyalinsa. Kaepernick bai sake buga wasa a gasar ba tun bayan kakar 2016, kuma ƙarar da ya shigar cewa masu kulob sun haɗa baki sun ƙi ɗaukarsa an sasanta ta a watan Fabrairun 2019. A watan Yunin 2020, bayan da wani ɗan sanda ya kashe George Floyd, baƙar fata wanda ya tashi a Houston, Goodell ya fito a bidiyo ya ce hukumar ta yi kuskure da ba ta saurari 'yan wasanta tun da wuri ba.