Ƙarewar Wa'adin Takardar Shigar da Mota ta Wucin Gadi

Takardar shigar da mota ta wucin gadi izini ne da hukumar kwastan ke bai wa matafiyi domin ya shiga ƙasa da abin hawansa ba tare da biyan kuɗin fito ba, bisa sharaɗin zai fitar da shi kafin wa'adi ya cika. Wadda ta fi shahara ita ce Carnet de Passages en Douane, wato kane, ɗan littafi mai rawayan bango da ke aiki shekara ɗaya. Idan wa'adin ya ƙare mota tana cikin ƙasa, a idon doka ta zama kayan da aka shigo da su ba a biya musu haraji ba.

Tarihi

Tsarin ya samo asali daga Turai a farkon ƙarni na 20, lokacin da masu motoci ke ajiye kuɗi a kowace iyaka su karɓa idan za su fita. Ƙungiyoyin masu motoci suka ɗauki nauyin tsaya wa mambobinsu, da farko ta hanyar takarda mai fuska uku da ke aiki a ƙasa ɗaya, daga baya kuma, a wajejen shekarun da suka gabaci Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka fito da littafin da ke ratsa ƙasashe da dama. Manyan ƙungiyoyi biyu ne ke kula da shi har yau: AIT, ƙawancen ƙungiyoyin yawon buɗe ido na duniya, da aka kafa a 1898, da FIA, tarayyar ƙungiyoyin motoci ta duniya, da aka kafa a Paris a 1904. Ginshiƙinsa na shari'a shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa wa hannu a New York ranar 4 ga Yuni, 1954, sai ta motocin kasuwanci a Geneva a 1956, sannan Yarjejeniyar Istanbul ta 1990.

Yadda takardar ke aiki

Kowane shafi kashi uku ne. Jami'in kwastan yana yage ɗaya a wajen shiga, wani ya yage na biyu a wajen fita, na uku kuma ya rage a littafin ɗauke da hatimi biyu. Wannan guntun da ya rage shi ne shaidar matafiyi, domin da shi zai karɓo kuɗin da ya ajiye a wurin ƙungiyar da ta ba shi littafin, irin su ADAC ta Jamus. Kuɗin ba kaɗan ba ne, don akwai lokacin da ake neman lamunin da ya kai ninki takwas na darajar mota ga mai shiga Masar.

Idan wa'adi ya ƙare

Wa'adi biyu ne ke tafiya tare, na littafin da wanda ƙasar ta ɗiba, kuma nan ne matafiya suka fi ruɗewa. Indiya, alal misali, kwana 180 take bayarwa ko da littafin yana da sauran watanni.

Yarjejeniyar 1954 ta tanadi cewa a nemi ƙarin wa'adi kafin takardar ta mutu, sai fa idan wani abin da ya fi ƙarfin mutum ya hana. Ta kuma yi rangwame ga wanda ya kawo motarsa bakin iyaka cikin kwana 14 bayan ƙarewar wa'adin tare da gamsasshen bayani. Hanyar da aka fi bi ita ce a nemi sabon littafi daga ƙungiyar asali, a kai shi ofishin kwastan tare da tsohon, a rufe tsohon a buɗe sabon, ana duba lambar inji da lambar jikin mota. Wanda motarsa ta lalace a haɗari yana da zaɓi uku, gwargwadon abin da kwastan ta amince da shi: ya biya kuɗin fito, ya sallama ta ga gwamnati, ko a lalata ta a gaban jami'ai.

Idan wa'adi ya ƙare ba a ga shaidar fitar motar ba, kwastan na da shekara ɗaya ta sanar da ƙungiyar da ta tsaya wa mai motar, ita kuma ƙungiyar na da shekara ɗaya ta kawo shaidar cewa motar ta fita. Rashin shaidar yana nufin a biya harajin daga kuɗin ajiya. Mai mota yana iya kare kansa da shafin ƙarshe na littafin, inda kwastan ɗin wata ƙasa ke tabbatar da cewa ta ga motar a can. Tara da tsare mota kuwa sun danganta da dokar kowace ƙasa. A 2020, da annobar korona ta rufe iyakoki, ƙasashe da dama sun tsawaita wa'adin motocin da suka maƙale.

Afirka

Ƙasashe biyar na ƙawancen kwastan na kudancin Afirka, wato Afirka ta Kudu, Botswana, Namibiya, Lesotho da Eswatini, ana ɗaukarsu yanki ɗaya, saboda haka tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya ba ya sabunta wa'adi. A yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Faransanci, ciki har da Nijar, duwan, wato kwastan, kan ba da takardar wucewa ta ɗan gajeren lokaci a bakin iyaka, ana kuma ƙara mata wa'adi a ofishinsu. Katin inshora na ECOWAS takarda ce dabam, ba ya maye gurbinta.

Saɓani

Masu suka na ganin kuɗin ajiyar ya yi wa matafiya nauyi, hukumomin kwastan kuwa na cewa shi ne ke hana sayar da motoci ta bayan fage.