Labulen baya da haskensa a hoton mutum cikin ƙaramin ɗaki

Labulen baya, wanda masu hoto a zangunan Accra suka fi kira bakgiraun, shi ne duk abin da aka rataya ko aka jingine a bayan mutum lokacin ɗaukarsa hoto, domin ya ɓoye tarkacen ɗaki ya kuma fito da wanda ake ɗauka. Yana iya zama yadi, takarda, leda mai kauri, tabarma, ko bangon ɗakin kansa. A babban situdiyo zaɓensa ba ya ba da wahala tunda akwai fili. Wahalar tana ɗakin haya irin na Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Madina, inda gado da akwatuna suka riga suka cinye rabin wurin. A irin waɗannan ɗakuna ne teloli da masu kwalliya da masu lalle da matasa masu koyon hoto suke ɗaukar hotunan ayyukansu, har da na sallah da suna da sauka.

Asali

Sana'ar hoto ta daɗe a Accra. Tun a shekarar 1922 J. K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe situdiyon Deo Gratias a Jamestown, kuma a unguwar ce James Barnor ya kafa Ever Young a farkon shekarun 1950. Felicia Abban, wadda ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta riƙi hoto sana'a a Ghana, ita ma a Jamestown ta yi aikinta. Daga baya Philip Kwame Apagya, haifaffen Sekondi a 1958, ya yi suna da labulen da aka zana wa firij cike da abinci, talabijin, ko jirgin sama, mutum ya tsaya a gaba kamar kayansa ne.

Amma wanda aikinsa ya fi kusa da halin mai ƙaramin ɗaki shi ne Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurinsa a 1948. A tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken rana, kuma labulensa na farko mayafin gadonsa ne. Yau hotunan nan suna manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Abin da ake ratayawa

Takardar situdiyo tana zuwa a naɗe, mafi yawa mai faɗin mita 2.72 ko mita 1.35. Babbar ba ta da wurin zama a ciki da falo. Ƙaramar ta isa hoton mutum ɗaya daga kai zuwa ƙugu. Ba ta da ƙyalli ko yamutsa, sai dai damshin Accra ba ya raga mata: ta sha iska kwana kaɗan sai ta yi tudu-tudu, kuma takalmi ɗaya ya isa ya ɓata gindinta.

Yadi ya fi dacewa da aljihu da yanayin. A kasuwar Makola ko ta Kantamanto ana samun akoko, zanen gado da tsofaffin labulen otal masu kauri. Sharaɗinsa biyu ne: kada ya yi sheƙi, kuma a goge shi, don kyamara tana ganin karin ninki fiye da yadda ido yake gani. Shadda mai maiƙo da leshi mai duwatsu suna mayar da haske, saboda haka a jiki suka fi kyau, ba a bango ba. Karan-miski baƙi yana shanye haske sosai, shi ne hanya mafi sauƙi ta samun baya mai duhu ƙirin.

Atamfa tana da nata sha'ani. Faɗinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, don haka sai an haɗa falle biyu, a daidaita zanen a bakin ɗinki. Mai manyan furanni ta fi mai ƙananan layuka, domin siraran layuka kan haifar da wani rawar zane a hoton dijital, kamar yadda yadin saƙi na Ghana, kente ko fugu, mai matsattsen saƙa yake yi wani lokaci. Wasu na cewa ba a haɗa atamfa a jiki da atamfa a baya. Hotunan Keïta sun ƙaryata wannan, sai dai shi baƙi da fari yake ɗauka. A hoto mai launi sai an yi hattara kada zane biyu su yi kokawa a bar fuskar a baya.

Bangon ɗaki kyauta ne, amma yawancin gidajen haya fentin mai ne a jikinsu, kore ko shuɗi. Irin wannan fenti yana ƙyalli, kuma yana zuba launinsa a kan kunci da farar riga. Gyaran koriyar fata a kwamfuta ya fi rataya zanen gado wahala.

Tazara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne manna mutum da labule. Inuwarsa ta faɗa a baya, kowace yamutsa ta fito fili, hoton ya koma kamar na katin shaida. Idan aka matso da shi gaba kimanin mita ɗaya, inuwar takan sauka ƙasa ta fita daga hoton, labulen kuma ya dushe.

Lissafin ɗakin da tsawonsa bai wuce mita 3 da rabi ba ga shi: mita ɗaya tsakanin labule da mutum, kusan mita biyu tsakanin mutum da kyamara, ragowar na mai hoto da bayansa a jikin bango. Wannan ya isa rabin jiki da lensi, wato gilashin gaban kyamara, na milimita 50, ko 35 a kan ƙananan kyamarori. Lensin 85, wanda ake yabo wajen hoton fuska, a nan kai da kafaɗa kawai zai ɗauka. Wanda ke son amarya ta fito har ƙafa yakan buɗe ƙofa ya koma baranda ya ɗauko ta daga can, ko ya yi amfani da ɗakin daga kusurwa zuwa kusurwa. Abin da bai kamata ba shi ne matsowa kusa da lensi mai faɗi, irin na asalin kyamarar waya, don yana kumbura hanci ya tsuke kunnuwa. Mai waya gara ya ja baya ya danna alamar zuƙowa ninki biyu (2x).

Haske

Launin da labule yake da shi a hannu ba lallai shi zai fito a hoto ba. Hasken da ya sauka a kansa ne ke yanke hukunci. Ƙa'idar ita ce, idan nisa daga fitila ya ninka biyu, haske yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A ajiye fitila mita ɗaya daga fuskar mutum, labule kuma mita biyu daga fitilar: kwatan hasken fuskar ne kawai zai isa labulen, farin yadi ya fito ruwan toka. A ja fitilar baya zuwa mita biyu, labulen ya zama a mita uku, sai ya samu kusan rabi, ya yi haske. Shi ya sa yadi ruwan toka guda ɗaya ya fi amfani ga mai ƙaramin ɗaki fiye da launuka biyar: a kusanto da fitila ga mutum ya yi duhu, a haska shi daban ya yi fari-fari.

Taga ita ce fitila ta farko. A zaunar da mutum gefenta, hasken ya zo masa ta kusurwa, labulen kuma ya kasance a bangon da ke maƙwabtaka da tagar. Tagar luba, mai gilasai falle-falle a jere, tana yanka rana layi-layi a fuska, sai a yafa mata farin mayafi mara kauri. A ɗaya gefen ana riƙe farin kwali, ko farin soson da ke zuwa cikin kwalin firij, ya mayar da haske ya sassauta inuwa. Accra tana kusa da tsakiyar duniya, rana takan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, kuma da tsakar rana tana bisa kai ba ta shiga taga sosai. Hantsi da bayan la'asar su ne lokacin aiki. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana tausasa haske, ko da yake ƙurarsa tana cika baƙin yadi.

Fitilar LED mai lema ko mai akwatin yadi ita ce madadin taga. A ɗaga ta ta ɗan wuce kan mutum, a karkatar da ita gefe. Fitilar zobe da masu kwalliya suke so tana share inuwar fuska, amma tana zagaye mutum da inuwa a bango idan ya matsa baya. A ma'aunin launin haske da ake kira kelbin, hasken rana yana wajen 5,500, ƙwan ɗaki mai ruwan ɗorawa kuwa wajen 2,700 zuwa 3,000. Idan suka haɗu rabin fuska ya yi ja rabi ya yi shuɗi, don haka a kashe ƙwan ɗaki. Wutar Ghana tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma fitilu masu araha suna ƙyaftawa da ita. Saita saurin ɗaukar kyamara a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa yana hana layukan duhu bayyana. Fankar sama ma a kashe ta, komai zafi, don tana kaɗa labule.

Fata da tufafi

Farar babbar riga a gaban farin labule tana ruɗin kyamara, ta rage haske, fuskar mai duhun fata ta nutse. Maganinsa a auna hasken a kan fuska, a zaɓi baya mai matsakaicin duhu: ruwan toka, ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu. Baƙin hijabi a kan baƙin labule kuwa yakan narke har a rasa inda kai ya ƙare, sai an saka ƙaramar fitila daga baya ta zana gefen kafaɗa. Gilashin ido da goshi mai gumi suna kama fitila. A nan ne za a ji mai hoto yana cewa, "Alhaji, a ɗan sunkuyar da kai kaɗan," ko "Hajiya, ga hankici, a ɗan goge goshi," kafin ya danna. Hoton biza kuwa ba a yi masa dabara: na Amurka farin baya ake so, babu inuwa, inci 2 tsawo da faɗi.

Ratayawa da ajiya

Ƙafafun ƙarfe na situdiyo suna cin wuri, mai gida kuma ba kasafai yake yarda a huda masa bango ba. Mutane kan sa bututun roba na famfo a aljihun da tela ya ɗinka a saman yadin, su ɗora shi tsakanin kan wadirob da ƙusar labulen taga, su ja gefuna da maƙalan shanya. Wani bututun a gindi yana miƙar da shi. Bayan aiki a naɗe yadin a jikin bututun maimakon ninkewa, a jingine shi nesa da ƙasa. Da damina kuwa a riƙa fito da shi shan iska, don yadin da aka kulle da damshi yakan yi fumfuna cikin 'yan makonni, kuma tabonta da wuya ya fita daga farin akoko.