Masu adireshin yahoo.fr, ga amsoshinku, a bar ni in huta

Ina da shagon intanet a Yamai, inda ake buga takardu da tura dosiye. Tun da aka fara maganar ƙirƙirarriyar basira, duk mai tsohon adireshin yahoo.fr sai ya tsare ni da tambayoyi iri ɗaya.

Wai Yahoo bai mutu ba?

Da ya mutu, ina kake buɗe saƙonninka?

Wa ke da shi yanzu?

Apollo, wani kamfanin zuba jari na Amurka. A 2021 ya sayi kashi 90 cikin 100 daga hannun kamfanin sadarwa Verizon, haɗe da tsohon kamfanin intanet AOL, a kan dalar Amurka miliyar 5, aka ɗora Jim Lanzone a shugabanci. A 2008 Microsoft ya taya Yahoo miliyar 44.6, masu shi suka ce albarka. Lissafin faɗuwar kai ma ka iya.

In bar yahoo.fr in koma Gmail?

To, nan ne ba ni da amsa guda. Ya danganta da inda ka baza adireshin. In shi ne a kan katin kasuwancinka, a banki, a dosiyen neman aiki, ko da shi ka buɗe Facebook, kada ka yi gaggawa, Alhaji. Buɗe sabon, ka riƙe tsohon, ka bi wuraren ɗaya bayan ɗaya kana canzawa, ko da zai ɗauke ka shekara. In kuwa ba abin da ke shigowa sai tallace-tallace, kana iya tafiya, amma ka fara kwashe hotunan takardun makaranta da na fili da ka tura wa kanka, don akwatin da aka yi wata 12 ba a buɗe ba ana iya share abin da ke ciki.

Kuma ni ba makomar kamfanin ce ke tayar mini da hankali ba, lambar wayar da ka ba su ce. Mutum zai zauna gaban kwamfuta, a ce an tura masa lambobin shiga ta waya, ya leƙa ƙarshen lambar a allo ya ce, "Kai, wannan ai layina ne na zamanin Orange, tun kafin ya koma Zamani." Layin ya ɓace tuni, wataƙila ma yana aljihun wani, tunda layin da aka daɗe ba a taɓa ba akan sake sayar da shi. A nan ba abin da zan iya yi maka, ko ka rantse da kabarin kakanka. Duba lambar yau, ka sa wadda kake riƙe da ita, ka ƙara adireshi na biyu. Sannan in kalmar sirrinka tun ta 2013 ce, canza ta: kutsen da aka yi wa Yahoo a shekarar ya taɓa dukkan asusu miliyar 3. Gmail ma ba ya maganin sakaci, kada ka ce ban faɗa ba.

Yahoo Messenger zai dawo?

A'a. An rufe shi a 2018.

To me ƙirƙirarriyar basira za ta tsinana wa Yahoo?

A 2024 ya sayi Artifact, manhajar labarai da waɗanda suka ƙirƙiro Instagram suka gina, don ta riƙa zaɓar wa kowa labaran da yake so. Ya kuma sa na'ura tana taƙaita dogayen saƙonni, an fara da mutanen Amurka. A ganina ba tseren ƙera sabuwar fasaha zai ci ba, ai tun yarjejeniyar 2009 shafinsa na neman bayanai a intanet ya jingina da Bing, irinsa na Microsoft. Jarinsa mutanen da ba su tashi ba ne: masu duba farashin hannun jari, masu bin wasanni, da irinku masu akwatin shekara 20. In ya sauƙaƙa muku aiki kuka zauna, ya ci riba. Dandalin sada zumunta na Tumblr da ya saya dala miliyar 1.1 a 2013 don jawo matasa bai jawo masa komai ba.

Ke nan na'ura na karanta saƙonnina?

In za ta taƙaita, ai sai ta karanta. Amma Hajiya, ke da kike rubuta kalmar sirrinki a bayan rasit ki miƙa wa yaron shago ya buɗe miki, fara da gyara wannan.