Bayan Fasa Kogwannin Juukan: Tambayoyi da Amsoshi kan Gyaran Dokokin Kare Gadon Aborijin

Me ya faru a Juukan har batun gyaran doka ya taso da ƙarfi haka?

Ranar 24 ga Mayu, 2020, kamfanin haƙar ma'adinai na Rio Tinto ya tayar da nakiya a kwazazzabon Juukan da ke yankin Pilbara, a jihar Yammacin Ostiraliya, ya ragargaza wasu kogwannin dutse biyu domin faɗaɗa mahaƙarsa ta tama. Ɗaya daga cikin kogwannin yana ɗauke da shaidar zaman ɗan Adam na kimanin shekara 46,000. Masu wurin su ne al'ummomin Puutu Kunti Kurrama da Pinikura, waɗanda ke cikin Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar da Turawan Ingila suka tarar a 1788. A tonon da masana suka yi a 2014 an fito da kayan tarihi kusan 7,000, har da wani ƙashin kangaru da aka feƙe ya zama kayan aiki mai tsini shekara 28,000 da suka wuce, da wata ɗamara ta gashin mutum da aka kitsa shekara 4,000 baya, wadda gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa masu gashin kakannin mutanen da ke raye yau ne. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kamfanin bai karya doka ba ko kaɗan.

Ta yaya dokar da aka yi don karewa ta ba da izinin rusawa?

Dokar gadon Aborijin ta jihar, wadda aka kafa a 1972, ta haramta lalata wurare masu tsarki, amma sashe na 18 ya buɗe ƙofa: mai fili ko mai lasisin haƙa yana iya neman izinin minista ya lalata wurin, wani kwamiti ya ba da shawara, minista kuma ya yanke hukunci. Idan aka hana kamfani yana da damar ɗaukaka ƙara, amma idan aka ba shi, su masu wurin ba su da wannan dama. Rio Tinto ya sami izininsa a Disamban 2013, wato kafin tonon da ya bayyana darajar wurin, kuma babu wani tanadi a dokar da zai sa a sake duba izini idan sabon bayani ya fito.

Akwai kuma yarjejeniyoyin da kamfanoni ke ƙullawa da al'ummomi, inda ake ba su kuɗin ƙasa bisa sharaɗin ba za su fito fili su yi adawa da aikin ba. Da wannan sharaɗi aka ɗaure bakin mutanen Juukan. Binciken da majalisar tarayyar Ostiraliya ta yi bayan fashewar ya gano cewa kamfanin yana da tsari huɗu na haƙa, uku daga ciki ba su taɓa kogwannin ba, amma ya zaɓi na huɗun domin tan miliyan 8 na tama mai inganci, kuma bai gaya wa masu wurin cewa akwai sauran ukun ba. A ganina wannan ɓoyewar ce mafi muni a cikin lamarin, domin wanda ba a nuna masa zaɓi ba, ba za a ce ya amince ba.

Ba gwamnatin tarayya da tata dokar?

Tana da ita, ta 1984, wadda ta ba ministan muhalli ikon dakatar da aiki cikin gaggawa idan dokar jiha ta gaza. Sai dai ba kasafai ake amfani da ita ba, kuma a Juukan ba a yi ba. Dokar haƙƙin ƙasa na gargajiya ta 1993, wadda ta biyo bayan hukuncin Mabo na 1992, inda babbar kotun ƙasar ta amince cewa 'yan asalin ƙasa suna da haƙƙin gargajiya a kan filayensu, ta ba Aborijin damar zama teburin shawara da masu haƙa, amma ba ta ba su ikon cewa a'a ba.

Wane ne aka hukunta?

Babu wanda aka gurfanar a kotu. Masu hannun jari ne suka matsa lamba har shugaban kamfanin, Jean-Sébastien Jacques, da wasu manyan jami'ai biyu suka sauka, kamfanin kuma ya nemi gafara. Ga masu wurin, duk wannan ihu ne bayan hari.

An ce jihar ta yi sabuwar doka. Me ya same ta?

An zartar da ita a ƙarshen 2021, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2023, kuma ranar 8 ga Agusta firimiyan jihar, Roger Cook, ya sanar da cewa za a soke ta, ya kuma ba da haƙuri. A lokacin sanarwar, ko mako shida ba ta cika da fara aiki ba. Dokar ta ɗora wa duk mai fili da ya wuce murabba'in mita 1,100 nauyin bincika ko aikinsa zai taɓa wani wurin gado, ta raba ayyuka hawa-hawa gwargwadon yadda suke tone ƙasa. Manoma da makiyaya suka tashi tsaye, suna cewa ko shinge za su kafa sai sun nemi izini da kuɗinsu, ga shi kuma hukumomin Aborijin na yankuna da ya kamata su duba buƙatun yawancinsu ba su kafu ba tukuna.

Ba ni da shakka cewa wasu koke-koken manoman gaskiya ne, domin an fara aiki da dokar cikin ruɗani. Amma su ma Aborijin da yawa ba su yi na'am da ita ba tun farko, saboda ta bar wa minista magana ta ƙarshe idan aka kasa daidaitawa. Lokacin ma bai taimaka ba, don ƙasar na tunkarar ƙuri'ar raba gardama kan kafa majalisar ba da shawara ta Aborijin, wadda kusan kashi 60 cikin ɗari suka ƙi a Oktoban 2023.

To wace doka ce ke aiki a jihar yanzu?

An koma ta 1972 da 'yan gyare-gyare. Masu haƙƙin ƙasa na gargajiya yanzu suna iya ƙalubalantar izinin sashe na 18 kamar yadda kamfani ke iyawa, an haramta sharaɗin rufe baki, kuma wanda ya sami izini dole ya kai rahoton duk sabon bayani da ya gano. Da waɗannan tanade-tanade sun kasance a 2014, da wataƙila kogwannin na nan. Duk da haka sashen yana nan, sa hannun minista kuma shi ne hukunci.

Me Aborijin ke nema a gyaran da ake jira daga tarayya?

Suna neman kada a taɓa wurin gado sai da amincewar masu shi, wadda aka bayar kafin aiki, ba tare da tilas ba, kuma bayan an shimfiɗa musu dukan bayani. Wannan ƙa'ida tana cikin sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta 2007, wadda Ostiraliya ta goyi baya a 2009. Suna kuma neman ma'auni ɗaya da zai hau kan dukan jihohi, domin a halin yanzu kariyar ta bambanta matuƙa: a Yankin Arewa na Ostiraliya (Northern Territory) akwai hukumar wurare masu tsarki da Aborijin suka fi yawa a cikinta tun 1989, a jihar Biktoriya kuma dokar 2006 ta ba ƙungiyoyinsu masu rajista ikon amincewa da tsarin aiki ko ƙin sa. Kwamitin majalisar tarayya ya miƙa shawarwari takwas a Oktoban 2021, gwamnati ta karɓi bakwai a Nuwamban 2022, ta yi alkawarin tsara sabuwar doka tare da ƙawancen ƙungiyoyin Aborijin. Har shekarar 2025 dokar 1984 ce ke aiki.